Floß da Raft: Ƙamus Bai Yi Ƙarya Ba, Amma Bai Gama Magana Ba

Yau za mu ɗan leƙa gidan maƙwabta. Masu koyon Jamusanci a cikinmu sun san cewa yawancin kalmomin da suke nema sai sun bi ta Ingilishi kafin su iso Hausa, kuma kayan da aka sauke a zango biyu ba kasafai suke isowa cif ba.

Kalmarmu ita ce "Floß". Buɗe ƙaramin ƙamus na Jamusanci da Ingilishi, amsa ɗaya za ka tarar: "raft". Shi ke nan, an wuce. To ni a kan wannan "shi ke nan" ɗin nake da ja.

Mene ne ma abin? Gumagumai ne ake jerawa a ɗaure su, su zama dandamali shimfiɗaɗɗe a kan ruwa. Ba shi da ciki, ba shi da bango. Ruwa na iya ratsowa ta tsakanin itatuwan ya jiƙa maka ƙafa, amma ba zai nutse ba, domin itacen ne da kansa yake yawo a saman ruwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tun daga rubutu ake fara tuntuɓe. Harafin ƙarshen nan, ß, ba B ba ne, kada wani ya karanta "Flob". Jamusawa suna kiransa "Eszett", sautinsa s ne, kuma a ƙa'idar yanzu yana nuna cewa wasalin da ke gabansa mai ja ne. Wato o ɗin "Floß" dogo ne, kamar na farkon "goro". Wanda wayarsa ba ta da ß sai ya buga "Floss", kuma haka mutanen Suwizalan suke rubutawa dama, don su ba sa amfani da ß. Matsalar ita ce akwai wata "floss" a Jamusanci mai gajeren wasali, aikatau ce ta shuɗaɗɗen lokaci: "das Wasser floss", ruwan ya gudana. Kafin gyaran ƙa'idar rubutu na 1996 ita ma da ß ake rubuta ta, babban baƙin farko ne kaɗai ke raba su. Ga kuma "Flosse", fiffiken kifi. Ingilishi ma yana da tasa "floss", zaren sakace haƙori! Mu da muke rubuta "fito" ga ƙetarar da mutane a kogi, mu rubuta "fito" ga busa da baki, mu sake rubuta "fito" idan muna kiran yaro daga ɗaka, ai ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

Yanzu ga asali, kuma nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. "Floß" daga tushen "fließen" take, wato gudana. Daga nan aka sami "flößen", sa abu ya gudana, kamar yadda mu muke fitar da "gudanar" daga "gudana". Shi ya sa "einflößen" take nufin ɗura wa mutum abu a baki, magani ko romo, har ma a ce an ɗura masa tsoro. Ita kuwa "raft" daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta shigo Ingilishi, ma'anarta ta farko gungume ko itacen rufi, 'yar'uwar "rafter" ce, abin da mu za mu kira azara. Kun ga ke nan Bajamushe ya dubi tafiyar ruwa ya raɗa suna, Bature ɗan Ingila ya dubi itacen. Abu ɗaya, kowa ta inda ya kama shi.

Kada a ce na yi wa ƙamus rashin adalci, akwai wuraren da kalmomin biyu suka zauna daram. A 1816 jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse ya kafe a gaɓar Muritaniya a hanyarsa ta zuwa Senegal. Aka harhaɗa katakai aka ɗora mutum wajen 147, bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai. Zanen da Géricault ya yi na wannan masifa, wanda ke gidan tarihi na Louvre, sunansa a Jamusanci yana ɗauke da "Floß", a Ingilishi "raft", babu abin da ya zube a hanya. Haka Kon-Tiki, wanda Thor Heyerdahl da abokan tafiyarsa biyar suka hau a 1947 daga Peru, suka yi kwana 101 a tekun Pasifik. Idan abin da ke gabanka itatuwa ne ɗaurarru da mutane a kai suna neman gaci, rubuta "raft" ka yi gaba.

Amma a Jamus "Floß" ba kalmar masu neman tsira ba ce kawai, kalmar sana'a ce. Shekaru aru-aru mutanen Schwarzwald, Baƙin Daji, suna sare dogayen itatuwa, su ɗaure su, su bi da su ƙananan koguna har su faɗa kogin Rhine. Can ake haɗa su su zama wasu ƙattai da tsawonsu kan wuce mita 200, da ɗaruruwan ma'aikata, da bukkoki da madafa a kai, a nufi Dordrecht ta ƙasar Holan. Da an isa sai a warware, a sayar da itacen, ma'aikata su koma gida ta ƙasa. Wato jirgin shi ne hajar. Wanda ya taɓa bi ta gadar Third Mainland a Legas ya hango gumagumai jere a ruwa wajen Oko Baba, ya ga ƙanin wannan sana'a. Jirgin ƙasa ne ya karya ta a Jamus, amma ba a manta da ita ba: a 2022 UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake adanawa, bisa buƙatar Jamus da Ostiriya da Cek da Latbiya da Poland da Sifaniya. Har yau kuma ana ɗaura irinsa a kogin Isar, masu yawon shaƙatawa su hau daga Wolfratshausen zuwa Munich.

To mai karatun Ingilishi na yau, idan ya ga "raft" tsurarta, me zai hango? Sau da yawa jirgin roba mai iska, da mutane sanye da hular kwano suna ihu a ruwa mai ƙarfi. Don haka idan kana fassara wani abu kamar tatsuniyar Wilhelm Hauff, "Das kalte Herz", wadda ke cike da masu wannan sana'a, ni a ganina "timber raft" ko "log raft" ya kamata ka rubuta, ko da a karon farko ne kawai. Sunan mai sana'ar, "Flößer", ya fi wahala. Ka ce "rafter", mai karatu ya ɗauka azara kake nufi. Ka ce "log driver", ka canza masa aiki, domin shi wannan sakakkun gumagumai yake korawa a kogi, kuma Jamusanci yana da kalma dabam ga wannan aikin, "Trift". "Raftsman" ta tsufa, amma ita ce ta fi dacewa, sana'ar ma ai tsohuwa ce.

Babban kuskure kuwa yana faruwa ne idan aka juya fassarar. Alamar daidai da ɗalibi ke sawa a littafinsa, Floß = raft, tana sa ya zaci hanyar tana zuwa tana dawowa. Ina! "Raft" ta fi "Floß" faɗi nesa ba kusa ba. Abin ceto mai iska da ake ajiyewa a manyan jiragen ruwa, "life raft", Jamusawa sun fi kiransa "Rettungsinsel", tsibirin ceto. Jirgin roba "Schlauchboot" ne, "Schlauch" kuwa tiyo ne ko tubu. Wasan nan na bin ruwa mai ƙarfi ba su ma wahalar da kansu ba, sun ari "Rafting" yadda take. Sai kuma "a raft of measures" da 'yan jarida ke so, wadda masana asalin kalmomi suke ganin ba ma daga zuriyar gungumen ta fito ba, daga wata tsohuwar kalma ce mai nufin tari. A Jamusanci "eine Reihe von" za a ce, a Hausa jerin matakai ko tarin matakai. Babu ruwa, babu itace.

Idan muka iso gida, a zango na biyu, yawancinmu "kwale-kwale" muke cafkowa. Ku tuna abin da na ce a riƙe. Kwale-kwale yana da ciki, cikin nan ne ke riƙe shi a sama, in ruwa ya cika shi an shiga uku. "Floß" ba shi da cikin da zai cika. Ta wannan fuska ya fi kusa da gorar da masunta ke hawa a Argungu, abin da yake yawo a ruwa da kansa, kai dai ka ɗare. Ba ina cewa a fassara shi da "gora" ba ne, kada a yi mini gurguwar fahimta. Cewa nake gara jimla mai ɗan tsawo, "gumagumai da aka ɗaure ake hawa a ruwa", da kalma guda da za ta sa wa mai sauraro wani hoto dabam a ka.

Kuma ba cacar bakin malamai ba ce kawai. Labaran masu ƙetara Bahar Rum daga Libiya kullum suna zuwa mana, wani rahoton Ingilishi ya ce "raft", na Jamusanci ya ce "Schlauchboot". In mai fassara ya ce "jirgin ruwa", uwar da ɗanta ya bi ta Agadas za ta hango ƙarfe da bene da matuƙi. In ya ce "kwale-kwale", za ta hango irin na fiton garinsu, wanda ta sha hawa lafiya. Abin da ke cikin rahoton kuwa roba ce da aka hura wa iska aka laƙaba mata ƙaramin inji, wadda huji ɗaya ya isa ya saki iskarta a tsakiyar teku.