Hannun da Ya Karanta DNA a Sararin Samaniya

Duk wanda ya taɓa zuba fura a kofi ya san ruwa ƙasa yake nufa, kumfa kuma sama take tasowa. Ƙarfin jan ƙasa ne ke yi mana wannan aiki kyauta, shi ya sa ba ma lura. To, a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 a samanmu tana kewaya duniya duk minti 90, babu wannan gata. Jan ƙasa bai ƙare a can ba, tashar ce da duk abin da ke cikinta suke ta faɗowa tare babu tsayawa, sai komai ya rasa nauyi. Ruwa ya dunƙule kamar ƙwallo, ya liƙe wa yatsa. Kumfa kuwa ta kafe a tsakiyar ruwan, ta ce ba inda za ta.

A irin wannan wuri Kate Rubins ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Ba'amurkiya ce masaniyar ƙwayoyin cuta, wadda ta yi bincike kan ƙyandar biri a Kwango tun kafin hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta ɗauke ta aikin 'yar sama jannati a 2009. A watan Agustan 2016 ta zama mutum na farko da ya karanta jerin DNA a sararin samaniya. An haɗa samfuran tun daga ƙasa: na ɓera, na bakteriyar E. coli, da na wani bairos. Na'urar, MinION, ba ta kai girman wayar hannu ba, a jikin kwamfuta ake jona ta.

Labarai sun fi yabon na'urar. Ni hannun ne ya fi burge ni.

A cikin MinION akwai wasu ramuka ƙanana ainun a jikin wani siririn tantani. Zaren DNA yana ratsa ramin, wutar lantarkin da ke bi ta wurin tana sauyawa gwargwadon harafin da ya wuce, kwamfuta tana karantawa. Amma idan kumfar iska guda ta kai ga tantanin, ramukan da ta taɓa sun tashi aiki ke nan. A ƙasa, ma'aikacin ɗakin gwaji yakan ɗan ƙwanƙwasa kwalba da farce, kumfa ta taso, ya ɗebi ruwansa daga ƙasa. A can babu sama balle ƙasa. Dole a kafa ido a ga inda ruwan ya taru a kwalbar, a kai bakin bututun ɗigo daidai wurin, a zuƙo a hankali. Kafin a ɗura, sai an ɗan ja ruwan da ke bakin ƙofar na'urar baya don fitar da iskar da ta maƙale, sannan a tura samfurin sannu sannu, kamar mai ɗiga wa jariri magani a ido. Duk wannan fa ƙafafu na saƙale da wani ƙarfe don kada mutum ya yi gaba da kansa, kowane murfi kuma an liƙe shi, in ba haka ba sai a tsince shi can a bakin matatar iska.

A wannan tafiya dai Rubins ta reni ƙwayoyin tsokar zuciya, tana sauya musu ruwan abinci, tana kallon bugunsu ta madubin likita. Ana son sanin abin da rashin nauyi ke yi wa zuciya, domin jikin ɗan Adam yana shan wuya a can: jini da ruwan jiki su hau kai har fuska ta kumbura, ƙasusuwan da ke ɗaukar nauyi kuma su riƙa rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwarinsu duk wata.

Kafin a fara karanta DNA a sama, sai an daskarar da samfur, a jira kumbon da zai dawo da shi ƙasa, makonni ko watanni. Mai tafiya duniyar Mas ba shi da wannan dama. A 2017 wata 'yar sama jannatin, Peggy Whitson, ta ɗora daga inda Rubins ta tsaya: aka shafo ƙwayoyin cuta daga jikin tashar, aka rene su, ta karanta DNA ɗinsu, aka gane ko su wane ne tun samfurin bai bar sama ba. Da ya iso ƙasa aka sake gwadawa, sakamakon ya zo ɗaya.