Shaidar Kwaɗo: Karatun Tafki a Ƙasar Matamaye

A ƙarshen bazara, sa'ad da iska ta juyo daga kudu maso yamma, zufa ta hana kowa barci, akwai wani aiki da dattawan karkarar Matamaye suke yi wanda ba a koyar da shi a aji. Da sassafe mutum zai ratsa ta bakin tafki kafin ya wuce gona. Ya dubi laka, ya ɗaga kai ya dubi bishiya, ya kasa kunne. Abin da ya gani shi zai sa a fito da iri daga rumbu ko a dakata. Wannan shi ne karatun tafki.

Masu sukarsa kashi biyu ne. Wasu sun ce camfi ne, ɗan'uwan duba. Wannan ba ta buƙatar doguwar amsa: mai duba gaibu yake iƙirari, manomi kuwa halittar da ke gaban idonsa yake lura da ita. Kashi na biyu ƴan boko ne da suka ce zamaninsa ya wuce. Tun bayan farin 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, kuma yau kowace shekara ana shelar hasashen damina a rediyo. Hasashen yana da amfani, amma maganar yanki guda yake yi. Ba ya gaya wa mutumin Kance ko na Dan Barto cewa ruwan daren jiya ya isa shuka a jigawarsa.

A 1988 masani Sivakumar, na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, ya tsara ma'aunin faɗuwar damina: ruwa milimita 20 cikin kwana 3 a jere bayan 1 ga Mayu, muddin ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ma'auni ne mai kyau, sai dai ba ya tabbata sai an yi wata guda. Manomi kuwa da hantsin yau zai yanke shawara.

Sunan da ya fi fita a wannan fanni na shamuwa ne, kuma ta cancanta. Baƙa ce mai farin ciki, fatar fuskarta shuɗiya da ɗigon ja a gaban ido. Tana cin rani a gabashi da kudancin Afirka, sannan ta biyo hadari ta iso ƙasar Hausa wajajen Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa a tsamiya ko gawo a tsakiyar gari, ta yini tana kiwon fara. Ba mai jifarta. A ƙasar Matamaye, Magarya da Mirya, inda manoma suka raya gawo a gonakinsu tun bayan farin 1984, ba ta rasa masauki. Amma shamuwa ƴar aike ce daga nesa. Tana iya sauka a yi makonni ko ɗigo bai faɗi ba. Albishir take kawowa, ba ta sa rana.

Mai sa rana yana ƙarƙashin ƙasa, kuma a nan ne gwanintar take. Baƙo ya ji kukan kwaɗi sai ya ce damina ta zauna. Gwani ba ya gaggawa, domin ya san kwaɗi iri-iri ne. Akwai na gindin randa da bakin rijiya, mai kaushin baya, wanda ya ci raninsa a inda ake ɓarin ruwa. Shi ko yayyafi aka yi yana iya buɗe baki, don haka shaidarsa ba ta da nauyi. Akwai kuma burduddugi, ƙaton nan da ake ci. Shi yakan haƙa ya nutse cikin ƙasa tun kaka, ya lulluɓe jikinsa da saɓar fatarsa don kada ya bushe. Ba abin da ke fito da shi sai ruwan da ya ratsa ƙasa ya iske shi a makwancinsa. Muryarsa mai kauri ce, daga ƙasan maƙogwaro, ta bambanta da ƙarar ƙananan. Duk wanda ya ji ta ya san lema ta yi zurfi.

Gaiwa ta fi shi haƙuri. Kifi ce mai shaƙar iska, tana kwance watanni cikin busasshiyar laka, naɗe da majinar jikinta, tana numfashi ta wata ƴar kafa. Ba ta motsi sai ruwa ya kwanta a tafkin ya narkar da lakar.

Saboda haka alama ɗaya ba ta isar gwani, jerin yake bi. Shamuwa ta sauka. Gawo ya soma zubar da ganye alhali sauran itatuwa suna toho. An yi ruwa, da magariba shinge ya taso, yara sun kewaye fitila da kwanon ruwa. Sannan burduddugi ya yi magana, kirinjijiya ta sauka a tafki tana fito. Yaro zai ce, "Kaka, kwaɗi sun yi kuka, gobe shuka?" Tsoho ya ce, "Waɗanne ka ji, ɗan nan? Je ka sake saurarawa." Da gari ya waye kuma sai ya tona ƙasar gona da hannu ya ga inda lema ta tsaya. Wanda ya riga ya yi binne, wannan jerin ne ke gaya masa ko irinsa zai tsira ko ya tanadi wani.

Za a ce kwaɗo bai san ko ruwa zai ɗauke bayan shuka ba. Gaskiya ne, kuma dattawan ba su taɓa ɗora masa wannan ba. Abin da ya faru yake shaida, a gonar da ba a kafa mata ma'aunin ruwa ba.

Abin da ke barazana ga wannan ilimi ba rediyo ba ne, mutuwar tafkunan ce. Tafkin Lassuri ya shiga jerin Ramsar na dausayin duniya a 2005, na Gidimuni a 2019, amma ƙananan tafkuna da kududdufan kwarin Korama ba su cikin kowane jeri. Rairayi yana cike su, kacalla tana shaƙe su, masu rake da lambu suna matsowa har bakin ruwa. Inda tafki ya cike, burduddugi ba shi da wurin ƙwai, yaran garin kuma su tashi ba su taɓa jin muryarsa ba. Malamin makarantar da ke Matamaye ba ya buƙatar kayan gwaji daga waje: ya kai ɗalibansa bakin tafki washegarin ruwan farko, tare da dattijo guda, su rubuta ranar da kowace halitta ta bayyana, su ajiye littafin har baɗi.