Yadda Ake Auna Dodo Kafin A Sake Shi

A shekarar 2014 kamfanin Wizards of the Coast na ƙasar Amurka ya fitar da wani ƙaramin akwati domin masu koyon wasan Dungeons & Dragons, da labarin fara wasa a ciki mai suna Lost Mine of Phandelver. Faɗan farko a labarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Wasu 'yan ƙananan halittu huɗu da ake kira gobilin ne suka laɓe a bakin hanya da kwari da baka, suna jiran ayari. Kowannensu sara ɗaya ko biyu ya ishe shi. Duk da haka wannan kwanton ɓauna ya yi ƙaurin suna a wurin masu wasan, saboda ya sha kwantar da jaruman da ko gumi ba su fara yi ba. Dalilin yana cikin wani lissafi da 'yan wasa da yawa ba su san ana yi musu ba.

Ga wanda bai san wasan ba, a kan tebur ake yin sa, da baki da takarda da dayis, ƙwayar nan da ake jefawa a ludo, sai dai babbar a nan fuska 20 gare ta. Mutum huɗu ko biyar kowa ya ɗauki jarumi guda: wannan mayaƙi, wancan masihirci, wani mai warkarwa, wani ɓarawo mai sanɗa. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora. Shi ke ba da labari, shi ke magana da bakin sarki da na mai sayar da doki, kuma shi ke riƙe da dodanni. Kowane jarumi yana da makin rai, in aka doke shi makin ya ragu, in ya ƙare ya faɗi. Jagora na da ikon sako dodon da zai share kowa a zagaye ɗaya, haka kuma yana iya jera musu waɗanda ba za su ko ƙwarzane su ba. Ko wanne ya yi, hira ta watse. A damben gargajiya ba a ɗora kowa a kan sikeli, amma 'yan kallo sun san karon da ya yi daidai, wanda ba a san wa zai taɓa ƙasa ba sai an gani. Abin da jagora ke nema ke nan, da ƙarin wata wahala guda: shi yana so 'yan wasansa su yi nasara a yawancin lokaci, amma kada su taɓa sakankancewa.

Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, awon mai sauƙi ne. Ana duba yawan dayis ɗin da ake jefawa don fitar da makin ran dodo, sannan kuma duk sa'ad da aka ƙara nutsawa cikin ramin ƙarƙashin ƙasa, abin da ke ciki yana ƙara muni. Wanda ya zaɓi sauka ƙasa, shi ya jiyo. Gudu ma dabara ce a wancan zamani, ba abin kunya ba. Sai a bugu na uku, a shekarar 2000, Monte Cook da Jonathan Tweet da Skip Williams suka ba kowane dodo lambar haɗari, wadda littattafan ke taƙaitawa da CR. Alkawarin da suka ɗauka shi ne, dodon da lambarsa ta yi daidai da matakin ƙwarewar ayarin mutum huɗu zai cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsu da sihirinsu, ta yadda bayan faɗa huɗu irin wannan dole su nemi wurin hutawa. A bugu na biyar, na 2014, lambar tana tashi daga 0 zuwa 30, da 'yan gutsattsari a ƙasa: 1/8, 1/4, 1/2. Gobilin 1/4 ne, makin ransa 7. A can ƙoli akwai dodon da ake kira Taraska, lamba 30, makin rai 676.

Yadda ake fitar da lambar yana cikin littafin jagora na 2014. Dodo ana raba shi gida biyu. Da farko a duba juriyarsa: makin rai nawa gare shi, kuma yaya wuyar samunsa da makami. Sannan a duba ɓarnarsa: a ɗauka ya yi amfani da mafi munin abin da yake da shi a zagaye uku na farko, a raba da uku. Kowane ɓangare ya ba da lamba, sai a ɗauki tsakiyarsu. A takarda abin ya yi kyau, amma tsakiyar nan tana ɓoye abubuwa. Basamuden da littafin ke kira ogre lamba 2 ne. Makin ransa 59 kacal, alhali jadawalin yana sa ran 86 zuwa 100 ga mai wannan lamba, kuma samunsa da takobi ba wuya. Ƙarfinsa duk a kulkinsa yake, bugu ɗaya 13 a matsakaici. Masihirci ɗan matakin farko kuwa makin ransa 7 ne ko 8. Dokokin wasan da kansu sun yi kashedi a kan wannan basamude, cewa yana iya gamawa da irin wannan masihirci a bugu guda. Saboda haka ƙwararren jagora ba ya tsayawa a lambar da ke saman shafi, sai ya duba bugu mafi muni ya gwada shi da mutumin da ya fi kowa rauni a teburinsa.

Mu koma kan gobilin ɗin nan huɗu. Kowanne yana da maki 50 a ma'aunin faɗa, jimla 200. Amma littafin 2014 ya ce idan dodanni sun kai uku zuwa shida a ninka jimlar sau 2, in biyu ne sau 1.5, in sun kai 15 sau 4. To 200 ta zama 400. Iyakar faɗan da ake kira mai kisa ga ɗan matakin farko kuwa 100 ce, mutum huɗu 400 cif. Ashe ɗan kwanton ɓaunar nan da aka ajiye wa 'yan koyo yana zaune ne daidai a kan layin mutuwa, ga shi gobilin na iya harbi ya sake ɓuya a motsi guda. Kibiya biyu sun isa su kwantar da masihirci kafin ya buɗe baki.

Me ya sa ake ninkawa? Saboda sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a wannan wasa ana iya ƙirga hakan da yatsu. A kowane zagaye kowa motsi ɗaya yake samu. Dodo huɗu harbi huɗu ne, kuma ko an kashe ɗaya saura uku suna nan suna harbi. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya nuna tun 1916 cewa a yaƙin harbi, rundunar da ta ninka yawanta sau biyu ƙarfinta sau huɗu yake ninkuwa. Wannan doka kuma tana cin dodo kamar yadda take cin jarumai. Ka ajiye ƙaton diragon shi kaɗai a gaban mutum biyar, kafin ya motsa sau ɗaya sun motsa sau biyar, in kuma sihiri ɗaya ya ɗaure shi, shi ke nan an gama da babban dodon da jagora ya yi wata guda yana tsorata mutane da sunansa. Maganin da masu tsara bugu na biyar suka kawo yana burge ni ƙwarai, don ba su tsaya ƙara masa makin rai kawai ba. Sun ba manyan dodanni ƙarin motsi har uku a kowane zagaye, da suke yi a tsakanin motsin jarumai, da kuma damar ture sihiri sau uku a rana ko da dayis ya ce ya kama su. Dodo ɗaya sai ya riƙa aiki kamar taro.

Inda lissafi ke gazawa gaba ɗaya shi ne dodannin da ba ta makin rai suke kisa ba. Akwai wata halitta, inuwa, lambarta 1/2 kawai, makin ranta 16 a littafin 2014. Duk wanda ta taɓa, ƙarfin jikinsa ya ragu da 1 zuwa 4, in ya kai sifili ya mutu. Masihirci yakan bar ƙarfin jikinsa a 8 tun ranar farko, kuma ko ya kai mataki na 15 a nan yake, don ba ya buƙatarsa. Taɓawa uku ko huɗu ta raba shi da duniya, duk tarin makin ransa bai amfane shi ba. Haka mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, lamba 3: a littafin 2014 makamin da ba na azurfa ko na sihiri ba bai yi masa komai. Ga ayarin da ke da wuƙar azurfa abin wasa ne, ga wanda ba shi da ita bala'i ne, lambar kuwa guda ce. Taraska ma, duk girmanta, a bugun 2014 ba ta tashi sama, ba ta kuma da abin jifa, har 'yan wasa suka mayar da ita abin barkwanci: maharbi mai fukafukai da bakan sihiri zai iya wuni yana caccaka mata kibiya.

Akwai kuma batun gajiya. Littafin 2014 ya gina ma'auninsa a kan faɗa shida zuwa takwas kafin dogon hutu. Tebura da yawa faɗa ɗaya ko biyu suke yi, sai jarumai su zo da ƙarfinsu cike su juye komai a kan dodo ɗaya, jagora ya koma yana zargin littafi.

A 1987 editan mujallar Dragon, Roger E. Moore, ya ba da labarin wani jagora da ya sani a sansanin soja, wanda ya riƙa firgita manyan jarumai da kobol, halittun da ke cikin mafi rauni a littafi. Bai ƙara musu ƙarfi ko kaɗan ba. Ya ba su ƙananan ramuka da ƙato ba zai shiga ba, da kafofin harbi a bango, da wuta, da wayon kulle ƙofa bayan baƙi sun shigo. Labarin ya zama darasin da ake ta maimaitawa har yau, domin babu jadawalin da ke auna fili, duhu, ko dodon da ke da hankali.

Nan ne nake cire wa ƙwararren jagora hula. Kafin zama ya riga ya karanta takardar kowane jarumi, ya san wa ke da azurfa, wa ke iya tashi sama, wa zai faɗi da bugu ɗaya. Yana sako abokan gaba kashi-kashi, in faɗa ya yi sauƙi kashi na biyu ya ɓullo daga bayan dutse, in ya yi tsanani su tsaya can. Ya san makin ran basamuden nan 59 matsakaici ne kawai, doka ta yarda ya kasance daga 28 har 91. Yana barin ƙasusuwa da ƙonannen sulke a bakin kogo, don wanda ya shiga ya shiga da saninsa. Dodanninsa suna gudu in sun ji jiki, wasu su kama fursuna su nemi fansa maimakon kisa. Wasu jagororin kan jefa dayis a bayan labule su faɗi abin da ba shi ya fito ba don ceton ɗan wasa. Ni ban goyi bayan wannan ba. Ranar da 'yan wasa suka gane, tsoro ya tafi, kuma duk awon da aka yi don tsoron aka yi shi.

Masu tsara wasannin ma ba su daina gyara ba. Kamfanin Paizo, a bugu na biyu na wasansa Pathfinder a 2019, ya ɗaure lissafin tamau: dodon da ke matakin ayari maki 40 ne, wanda ya fi su da mataki biyu 80, da mataki huɗu 160, kuma 160 ita ce iyakar faɗan da ake shiga ba tabbacin fita. Masu wasan suna yaba shi da cewa abin da ya faɗa shi ke faruwa a tebur. Wizards of the Coast kuwa, a sabon littafin jagora na 2024, ya cire ninkawar nan gaba ɗaya, ya bar matakan wahala uku. Lissafi ya yi sauƙi, amma ƙirga hannayen da ke riƙe da baka ya koma wuyan jagora. Idan kai ne za ka fara riƙe tebur da 'yan matakin farko, rage gobilin ɗaya daga cikin huɗun nan, ka ajiye shi a bayan itace har sai ka ga yadda zagayen farko ya kaya.