3.3 Jigon Buri da Shugabanci a Al'ummar Fremen cikin Littafin Dune

Kamar yadda bayani ya gabata a babi na biyu, Dune ƙagaggen labarin kimiyya ne wanda marubucin nan ɗan ƙasar Amurka, Frank Herbert, ya wallafa a shekarar 1965. A wannan sashe za a dubi yadda marubucin ya warware jigon buri da shugabanci ta hanyar al'ummar Fremen, wato mayaƙan da ke zaune cikin koguna a hamadar duniyar Arrakis. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, tauraron labarin ya kawar da wata mummunar al'ada ta waɗannan mutane, amma abin da ya maye gurbinta da shi ya fi ta muni.

3.3.1 Tsarin Shugabanci a Wajen Fremen

Fremen ba su san gadon sarauta ba. Kowane sansani yana da shugaba da suke kira na'ibi, kalmar da marubucin ya aro daga Larabci. Hanyar zama na'ibi ita ce mutum ya ƙalubalanci wanda ke kan mulki, su fafata da wuƙa har ɗaya ya mutu. Stilgar, na'ibin sansanin Tabr, ta wannan hanya ya sami shugabanci, kuma yana sane da cewa ta nan zai iya rasa shi.

Idan aka duba da idon basira za a ga wannan al'ada tana da fuska biyu. Ta fuskar farko, asara ce ga jama'a, domin duk lokacin da aka yi sabon shugaba sai an rasa gwarzo guda, alhali ga abokan gaba, wato gidan Harkonnen, suna farautarsu. Ta fuska ta biyu kuwa, ita ce linzamin da ke riƙe shugaba. Na'ibi ba ya fin ƙarfin mutanensa, domin ya san ranar da ya gaza akwai mai miƙewa ya kira shi fage. Saboda haka mai buri a cikin Fremen yana da ƙofa a buɗe, sai dai kuɗin shiga ransa ne.

3.3.2 Faɗan Paul da Jamis

Marubucin ya fara nuna wa mai karatu wannan al'ada ne lokacin da Paul Atreides da mahaifiyarsa Jessica suka fake a wajen Fremen bayan an hallaka mahaifinsa, Leto. Wani mayaƙi mai suna Jamis ya ƙi yarda a karɓe su, ya nemi a yi gwajin wuƙa. Paul yana ɗan shekara 15, bai taɓa kashe mutum ba. Da ya ga ya rinjayi Jamis sai ya ba shi damar ya miƙa wuya, aka sanar da shi cewa a irin wannan faɗa babu miƙa wuya. Haka ya kashe shi ba da son ransa ba.

Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo bayan kisan. An ɗora wa Paul nauyin matar Jamis, Harah, da 'ya'yanta biyu. Wato a wajen Fremen nasara tana tafe da ɗawainiya. Haka kuma Paul ya zubar da hawaye wajen makokin Jamis, a ƙasar da ɗigon ruwa ya fi dukiya daraja, wanda ya ƙara masa kwarjini a idonsu. Tun daga nan marubucin ya fara nuna yadda kowane motsi na yaron ke zama hujja ga masu ganin shi ne mai ceton da suke jira.

3.3.3 Ƙin Kashe Stilgar

Ƙololuwar wannan jigo ta zo ne bayan Paul ya hau ƙatuwar tsutsar yashi, abin da ke tabbatar da cikar namiji a wajensu. Samarin mayaƙa suka matsa masa ya ƙalubalanci Stilgar, tun da ba a sarki biyu a gari ɗaya. Paul ya ƙi. Hujjarsa ita ce mai hankali ba ya raba kansa da hannun damarsa ana gab da yaƙi. Maimakon haka sai ya fito da zoben sarautar mahaifinsa, ya ce shi mulkin Arrakis baki ɗaya ya gada, Stilgar kuma ya ci gaba da riƙon sansaninsa. Stilgar ya yi masa mubaya'a.

A zahiri wannan hikima ce da tausayi. Amma idan aka zurfafa nazari za a tarar cewa burin Paul ya wuce na'ibancin sansani guda, shi ya sa bai ga amfanin zubar da jini a kansa ba. Ya ɗora kansa a kan wata kujera wadda al'adar Fremen ba ta tanadi hanyar ƙalubalantar mai ita ba, ya kuma jingina ta da abubuwa biyu baƙi: gadon sarauta da almarar mai ceto, wadda ƙungiyar mata ta Bene Gesserit ta shuka a cikinsu tun da daɗewa. An bar wa Stilgar ransa, an karɓe masa ikon ja da shugaba. Wajen ƙarshen littafin Paul da kansa ya lura cewa abokin nasa ya koma mabiyi mai kallonsa da tsoro da girmamawa, ya kuma gane cewa wannan ragi ne ga mutumin.

Sakamakon wannan ya bayyana a littafi na biyu, Dune Messiah, na shekarar 1969. Bayan shekara 12 da kawar da Sarki Shaddam na Huɗu, yaƙin da Fremen suka yi da sunan Paul ya ci rayuka biliyan 61, kuma shi kansa ya kasa tsayar da shi. Garin neman gira an rasa ido.

3.3.4 Raunin Marubucin

Duk da haka, akwai inda marubucin ya gaza. Bayan mutuwar Jamis babu wani fitaccen ɗan Fremen a littafi na farko da aka ba dama ya tsaya ya kawo hujjar ƙin bin Paul, shi kuwa Jamis an zana shi ne a matsayin mai zafin rai kawai. Al'ummar da aka siffanta da taurin kai ta saki tsohuwar al'adarta a zama guda. Wannan ya sa gargaɗin marubucin ya dushe, har masu karatu da dama suka ɗauki Paul gwarzon da ba shi da aibi, sai da littafi na biyu ya fito ya gyara wannan fahimta.

3.3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Herbert bai yabi al'adar kashe shugaba ba, amma ya nuna tana da wani amfani da Fremen ba su tsaya sun auna ba kafin su yar da ita. Sun yi watsi da wuƙar da ke tsare su daga shugabansu ba tare da sun samar da madadinta ba. Sashe na gaba zai dubi matsayin mata a wannan al'umma.