Yadda Bakanike Ke Bin Sawun Fitilar Cek

A wani gareji da ke bakin hanyar Kontagora, cikin garin Zuru, na tsaya kallon wani bakanike yana duba wata Corolla. Motar tana karkarwa in tana silo, ga kuma fitilar nan mai ruwan ɗorawa da direbobi ke kira cek ta kama a gaban sitiyari.

Bai ko ɗauki sifana ba. Da tambayar mai motar ya fara: "Alhaji, da safe take yi, ko sai ta ɗau zafi? Man ƙarshe a gidan mai ka sha, ko wajen 'yan bumburutu?" Sannan ya durƙusa, ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya jona wata 'yar na'ura mai kama da wayar hannu a wani soket mai rami 16. Tun 1996 doka ta wajabta wannan soket ga motocin da ake sayarwa a Amurka, tsarin da ake kira OBD-II, shi ya sa yawancin tokumbon da ke zirga-zirga tsakanin Zuru da Ribah ke da shi. Ya murɗa makulli bai tayar da inji ba. Allo ya nuna P0301.

Kowane harafi da aikinsa. P na nufin matsalar tana ɓangaren inji ko giya. Sifili na nufin lambar ma'anarta ɗaya a kowace irin mota. 3 ta shafi wutar da ke kunna mai, 01 kuma silinda ta ɗaya, wato ramin farko cikin huɗun da fetur da iska ke ƙonewa a ciki. Wannan rami yana fashin ƙona mai ke nan.

To, nan gwaninta ta fara, domin lambar unguwa ta nuna, ba ta nuna gida ba. Laifin na iya zama na fulogi, ko na kwail mai ba fulogi wuta, ko na nozul mai fesa fetur. Sai ya kwance kwail ɗin silinda ta ɗaya ya musanya shi da na ta biyu, ya goge lambar, ya tayar da inji ya bar shi yana aiki. Da fitilar ta dawo, sai ga P0302. Ciwo ya bi kwail zuwa sabon gida, ɓarawo ya kamu ba a sayi komai ba tukuna. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai.

Duk da haka bai ƙyale fulogin ba. Kafin ya kwance shi, ya sa yaronsa ya hure ramin da iska, kada jar ƙurar hanya ta faɗa cikin inji. Da ya ciro fulogin, ya ɗaga shi a rana yana juyawa: baki mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙin gawayi alamar mai ya yi yawa, in ya jiƙe da baƙin mai kuwa aikin ya wuce na fulogi. Wannan da sauransa, ya mayar da shi.

Akwai mai cire kan batir don fitilar ta mutu, akwai mai liƙe ta da baƙin tef. Fetur ɗin da bai ƙone ba kuwa yana nan yana gangarawa salansa, yana cinye matacin hayaƙi, wanda kuɗinsa ya ninka na kwail sau da yawa.

Bakaniken ya ɗaura sabon kwail, ya sake goge lambar, suka hau hanyar Dabai, yaron na gefe riƙe da na'urar yana kallon allo. Da suka dawo ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya ɗan saurara, sannan ya miƙa wa Alhaji makulli tare da tsohon kwail ɗinsa.