Tsokaci a Kan Ƙidayar Siffofin Suna a Nahawun Harshen Agul

Agul ɗaya ne daga cikin harsunan rukunin Lezgi. Ana magana da shi a tsaunukan kudancin Dagestan ta ƙasar Rasha, musamman a gundumar Agul mai hedikwata a Tpig. Ƙidayar 2010 ta nuna masu jin sa sun ɗan haura dubu 29. Adolf Dirr ya nazarci nahawunsa tun 1907, Magometov kuma a 1970, amma harshen bai sami daidaitaccen rubutu ba sai a 1990, da haruffan Sirilik.

Abin da aka fi yayatawa game da Agul shi ne wai kowane suna yana da siffofi fiye da 20 gwargwadon matsayinsa a jimla. A ganina wannan ƙidaya tana ɓad da mai karatu. Siffofin da suka shafi ginin jimla kaɗan ne: akwai ta aikau idan aikatau so-karɓau ne, da wadda karɓau da aikau na aikatau ƙi-karɓau suka yi tarayya a kanta, da ta mallaka, da ta wanda aka yi wa abu. Sauran duk na wuri ne, kuma hawa biyu gare su. Ɗafa-ƙeya ta farko tana faɗin bagire, wato ciki ko bisa ko baya ko gaba ko ƙarƙashi, ta biyu kuma tana faɗin alkibla. Misali, -l na nufin bisa; a ƙara -di a sami zuwa bisa, a ƙara -as a sami daga bisa. Bahaushe ma yakan ce "a kan tudu", "zuwa kan tudu", "daga kan tudu", kuma ba wanda ya taɓa lissafa su a matsayin siffofi uku na kalmar "tudu". Comrie da Polinsky sun soki irin wannan ƙidaya a 1998, ko da yake Tabasaran da Tsez suka duba.

Illar ba ta tsaya ga manazarta ba. Harshen da Rashanci ya danne a makaranta da birni ba ya bukatar littafin koyarwa mai sa yaro haddar dogon jadawali alhali ƙa'ida biyu sun isa. Ƙidayar kuma tana ɓoye wata alaƙa muhimmiya: aikatau ma yana ɗaukar ɗafa-goshi na wuri, waɗanda yawancinsu suka dace da ɗafa-ƙeyar suna, ta yadda bagire ɗaya kan bayyana sau biyu a jimla, a jikin suna da kuma a goshin aikatau.