Kiɗan Na'ura da Faifansa Masu Wuyar Samu: Nazari a kan Kaset ɗin Mamman Sani na 1978

1.0 Gabatarwa

Takardar nan ta shafi wani irin kiɗa ne wanda manazarta adabin baka ba su saba kula shi ba, watau kiɗan da ake yi da na'urar lantarki, ba da fata ko tsirkiya ko kara ba. Za ta dubi aikin mutum guda, Mamman Sani Abdullahi na Jamhuriyar Nijar, da kaset ɗin da ya ɗauka a Yamai a 1978. Masu tara tsofaffin faifai a Turai da Amurka sun sa wa wannan aiki laƙabi biyu: sun ce mai wuyar samu ne, sun kuma jera shi cikin kiɗan da suke kira saikadelik. Manufata ita ce in auna laƙuban nan da ma'aunin kunnen Bahaushe, domin a ganina na farkon rabinsa ne gaskiya, na biyun kuwa rigar aro ce.

Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Yawuri da kiɗan Yamai? Kogin Kwara ne ya fara haɗa mu, domin ruwan da ya wuce Yamai da Gaya shi ne yake isowa Yelwa kafin ya bazu a tafkin Kainji. Sa'an nan akwai wuta. An gama madatsar Kainji a 1968, bayan an tashi mutane fiye da 40,000 daga tsibirai da garuruwan gaɓa, cikinsu har da Gungawa da Kambari na ƙasar Yawuri da Ngaski. Daga 1976 aka soma tura wa Yamai lantarkin Nijeriya ta layin Birnin Kebbi. Ke nan sa'ad da Mamman Sani ya jona na'urarsa a 1978, birnin da yake ciki yana shan wutar da aka sayo da gonaki da kufan mutanenmu. Na ukunsu shi ne rediyo, wanda za mu zo kansa nan gaba.

2.0 Na'urar da Asalin Laƙabin

Sintesaiza na'ura ce da take ƙera sauti daga lantarki tsantsa. Babu abin da ake bugawa ko gogawa ko busawa a cikinta. Wutar ce ake sa ta yi kai da komo da sauri, sai a tace ta, a lanƙwasa ta, har ta fito da amon da ake so. Robert Moog na Amurka ya nuna tasa a 1964, faifan Wendy Carlos na 1968 kuma ya sa duniya ta san cewa ana iya kiɗa sosai da ita. Kalmar saikadelik kuwa wani likitan ƙwaƙwalwa ne, Humphry Osmond, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1950 don bayyana halin da wasu ƙwayoyi suke jefa mai shansu. Daga baya samarin Amurka da Ingila suka ɗora ta a kan kiɗan da yake kwaikwayon wannan hali: sauti mai jan rai, mai maimaici, mai amsa-kuwwa, wanda mai saurare zai ji kamar yana shawagi.

Afirka ba ta makara ba. Francis Bebey na Kamaru yana ɗaukar kiɗan na'ura a gidansa a Faris tun tsakiyar shekarun 1970. William Onyeabor na Inugu ya fitar da faifai takwas daga 1977 zuwa 1985 da kamfanin kansa. Dukkansu biyu kamfanonin waje sun sake buga ayyukansu, na Bebey a 2012, na Onyeabor a 2013, kuma na Onyeabor ɗin an sa shi ne cikin jerin faifan da aka yi wa take da kalmar saikadelik. Wannan ita ce kasuwar da Mamman Sani ya faɗo cikinta, ita ce kuma ta raɗa masa suna.

Sai dai a lura, abin da ya kaɗa a 1978 ba sintesaiza ba ne a ma'anar da muka bayar. Ogan ne na lantarki, ƙirar kamfanin Orla na Italiya, irin wanda mutanenmu suke kira fiyano, mai 'yan muryoyi shiryayyu da gangar ƙarfe a cikinsa. Ya saye shi ne daga hannun wani wakilin Ruwanda da suka haɗu a wani taron UNESCO. Sintesaiza ta ainihi sai a ayyukansa na shekarun 1980 take fitowa, waɗanda aka tattara a faifan Taaritt a 2014.

3.0 Wuyar Samu: ga Wa?

An ɗauki kaset ɗin ne a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, da hannun ma'aikatar al'adu, cikin wani shiri na nuna kiɗan zamani na Nijar. Shirin bai yi nisa ba, kaset kaɗan ne suka fita. Shekara talatin da biyar bayan haka, a 2013, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds a Amurka ya sake buga shi a faifan garmaho da sunan La Musique Électronique du Niger, kiɗa shida ne a ciki. Daga nan aka soma gayyatar Mamman Sani wasa a Turai.

In an tsaya nan, labarin ya yi kama da na zinariyar da ta ɓata aka tono. To amma a cikin waɗannan shekaru kiɗan bai yi shiru ba ko kaɗan. Muryar Sahel da talabijin ɗin Nijar sun yi ta sa shi tsakanin shiri da shiri, har ya zama babu kunnen da bai san shi ba a ƙasar. Mu ma da ke wannan gefe na iyaka mun sha jin sa, domin a Yelwa da Wara da Shanga masu rediyo kan murɗo tashar Nijar don labarun Hausa da kaɗe-kaɗenta. Na gwada abin da kaina. Na sa wa wani dattijo Basarke kiɗan Salamatu daga wayata a bakin ruwa, yana gyaran koma. Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, ai wannan kiɗan gidan rediyon Nijar ne." Na ce, "Baba, wa ya kaɗa shi?" Sai ya dube ni, ya ce, "Ashe mutum ne yake kaɗa shi?"

Amsar nan ta fi mini shafi goma na sharhi. Abin da ya yi wuyar samu shi ne kwalin kaset ɗin da sunan mai shi. Sautin kam ya fi gishiri araha. Baturen da yake tara faifai yana neman abin riƙewa a hannu, mai lamba da shekara. Bahaushe kuwa kiɗa a wurinsa abin ji ne, kuma ya san wani rukuni na kiɗa wanda ba ya buƙatar baki, watau take. Taken sarki ko na ɗan dambe ko na maƙera, da zarar an kaɗa shi an san wanda ake nufi, ba a kuwa tambayar wanda ya fara tsara shi. Ina ganin abin da ya sami Mamman Sani ke nan: kiɗansa ya zama taken gidan rediyo, take kuwa mai shi ake tunawa, ba makaɗinsa ba. Nasara ce babba ta fuskar fasaha, hasara ce ta fuskar suna da aljihu.

4.0 Kiɗan Kansa

Yanzu sai mu saurari abin da ke cikin kaset ɗin, domin mai sharhi ba zai fake da tarihi ya ƙi faɗin ko abu ya yi kyau ko bai yi ba.

Mamman Sani ya ɗauko karin da dama daga kaɗe-kaɗen gargajiya na ƙasarsa, musamman na Fulani Woɗaaɓe da na Buzaye, ya zuba su a kan ogan. Karin nan galibi a kan matakan murya biyar suke tafiya, kamar yawancin namu, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya baƙuntarsu. An ɗauki aikin ne hawa biyu, watau ya kaɗa na farko, sa'an nan ya bi kansa ya ɗora na biyu. Wannan ƙaramar dabara tana da ma'ana ga mai nazarin waƙar Hausa. Tsarin da muka sani shi ne jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa. Shata da mutanensa, Narambaɗa da nasa. A nan kuwa mutum ɗaya ne jagora, shi ne kuma ɗan amshin kansa. Ɗan Maraya Jos ma a zamaninsa shi kaɗai yake zama da kuntiginsa, amma yana da baki, kuma kuntigin yana mayar masa da magana nan take. Mamman Sani ya cire baki, ya cire taro, ya bar kari tsirara. Daga nan ne kewar da ake ji a cikin kiɗan take fitowa, ita ce kuma mafi ƙarfin abin da ke cikinsa. Salamatu ta fi sauran nuna haka: gajeren kari ne yake tafiya yana dawowa ba gaggawa, kamar mai zarya a ƙofar gidan da ba a yi masa izinin shiga ba.

Amma akwai abin da aka rasa, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko, maɓallan ogan a ƙayyade suke bisa awon Turawa, tsakanin wannan da wancan babu komai. Mai goge kuwa a wannan tsakanin yake cin abincinsa. Yana jan murya ya zame da ita daga mataki zuwa mataki, haka ma mai sarewa. Kari ya hau ogan sai ya miƙe sumul kamar titin kwalta, ya rasa 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da suke nuna daga wane ruga ko wane zango ya fito. Wanda ya taɓa jin Woɗaaɓe suna rera nasu a da'ira, murya tana hawa kan murya, zai ji cewa inuwar abin ce aka kawo masa.

Na biyu shi ne gangar. Makaɗin kalangu yana matsa tsirkiya a hammata ya sassauta, ganga ta bi hawa da saukar harshe har ta yi magana. Idonsa kuma yana kan ƙafar mai rawa, in ta yi sauri ya bi ta, in ta gaji ya tallafe ta. Gangar da ke cikin ogan ba ta ganin kowa. Yadda ta fara haka za ta ƙare, ko da an yi mutuwa a filin. A wurare da dama cikin kaset ɗin wannan bugu yana gundura, kuma ban yarda da masu cewa gundurar ma fasaha ce ba. Iyakar na'urar ce, makaɗin ya yi haƙuri da ita don ba shi da wata. Gwanintarsa tana cikin yadda hannunsa yake ɗan jinkirta wa bugun ko ya ɗan riga shi, har a ji numfashin mutum a bayan ƙarfe.

Wannan ya kawo mu ga laƙabin saikadelik. Shawagin da masu tara faifai suke ji gaskiya ne, ni ma ina jin sa. To daga ina yake? Daga muryar ogan ne wadda ba ta yankewa muddin yatsa yana kan maɓalli, da maimaicin kari, da 'yar rawar da tsohon tef yake sa wa sauti. Biyu daga cikin ukun nan halin kayan aiki ne, ba nufin makaɗi ba. Na ukun kuma gadon gida ne, ya girmi Osmond da kalmarsa nesa ba kusa ba. Mutumin da ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon gwamnati zamanin Seyni Kountché, cikin shirin ma'aikatar al'adu, ba kwaikwayon maye yake yi ba, nema yake ya nuna cewa karin makiyaya zai iya shiga kayan zamani bai ji kunya ba. Wani zai iya kawo bori ya ce ai mu ma muna da kiɗan gusar da hankali. Wannan ma bai zauna ba. Garaya ko gogen bori kira ne, kowane iska da takensa da kirarinsa, ana kuma sauraron amsa. Ogan ɗin Mamman Sani ba ya kiran kowa.

Ba ina zargin wanda ya sake buga faifan ba ne. Da ba don shi ba, da har yau dattijon nan na bakin ruwa da ni da ku muna ɗauka kiɗan daga cikin akwatin rediyo yake tsirowa. Abin da nake ƙi shi ne mu karɓi faifan tare da fassararsa, mu shiga aji mu koyar da ita.

5.0 Abin da Ya Biyo Baya

Hanyar da ya share ba ta mutu ba. Hama na Yamai ya bi ta da faifan Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. A Kano kuwa fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin fina-finai tun ƙarshen shekarun 1990, har Sahel Sounds ɗin ya tattara wasu a faifan Harafin So a 2013. Bambancin shi ne Kano ta mayar da baki da amshi, ta bar na'ura a matsayin 'yar rakiya. Wannan kuwa takarda ce mai zaman kanta.

Abin da ya fi damuna yana kusa da gida. Kaset ɗin 1978 ya tsira ne domin kwafi ya saura a ajiye a Yamai har wani ya zo ya tarar. Tef ba ya son zafi, ba ya son laima, gaɓar tafki kuwa tana da duka biyun. Masu ɗaukar kaset da a da suke cika kasuwar Yelwa sun koma tura waƙa a waya, buhunan tsofaffin kaset ɗinsu kuma suna zaure ko rumbu, wasu an riga an zubar. A cikinsu akwai kaɗe-kaɗen Gungawa da Kambari da Sarkawa da aka ɗauka a wuraren buki cikin shekarun da suka biyo bayan tashin gari, daga bakin mutanen da aka haifa a tsibiran da yanzu suke ƙarƙashin ruwa. Mafi yawansu ba a rubuta sunan makaɗi a jiki ba. Shawarata ga sassan Hausa na Sakkwato da Kano da Zariya ita ce, a tura ɗaliban da za su rubuta kundin digiri su bi kasuwannin Yelwa da Wara da Shanga da rikoda, su kwafe abin da ya saura, su kuma zauna da dattawa a sa musu kaset ɗaya bayan ɗaya, tun akwai wanda zai iya cewa wannan muryar wane ce, a bukin wane aka yi ta.